Kuɗin da babu wanda ya biyo bashinsu

Shekarata ta biyu ke nan da fara aiki a sashen lissafin kuɗi na wani kamfani mai kai wa masana'antu kayan gyaran injina. Ƙarshen shekara ya zo, ina ta daidaita takardun kaya da na biyan kuɗi, sai na ga lamba ɗaya ta fito sau biyu. Na ɗauka gajiya ce ke ruɗin idona. Na sake bi a hankali, layi bayan layi, sai ga gaskiyar magana a fili: wata masana'anta da ke cikin manyan abokan cinikinmu ta biya mu kuɗin kaya ɗaya har sau biyu, kuma ba karo ɗaya hakan ta faru ba, karo huɗu ne cikin wata bakwai. Kuskuren daga wajenmu yake. Su ba su lura ba, ga alama kuma ba za su taɓa lura ba.

Lokacin kamfanin yana cikin matsi. Albashin watan da ya wuce sai da ya makara da kwana tara. Na daɗe zaune da takardun a gabana kafin na ɗauka na nufi ofishin maigida.

Dattijo ne, mai faɗa, wanda idan ya ce maka "to, ba laifi" sai ka yi kwana uku kana murna, don iyakar yabonsa ke nan. Ya sa tabarau ya bi lambobin da ɗan yatsa, bai ce uffan ba. Can ya ɗago.

"Sun sani?"

Na ce, "Ba su sani ba, ranka ya daɗe."

"Amma kai ka sani."

"Na sani."

"Ni ma yanzu na sani. To ka ga mun yi yawa. Je ka rubuta musu wasiƙa, ka kawo in sa hannu kafin a tashi."

Na ɗan tsaya, na ce ko za a bari sai bayan an biya albashi. Ya cire tabaran ya dube ni, ya ce da kuɗin wa nake so ya biya ni albashin? Ban sake magana ba.

Albashin wannan watan ma ya makara, kuma ban ga wata mu'ujiza ta biyo baya ba. Masana'antar ta aiko da godiya cikin layi biyu, shi ke nan. Abin da ya canza a cikin gida ya canza. Labarin ya zaga ofis kafin wayewar gari, daga nan sai mutane suka fara kai masa kurakuransu da ƙafarsu. Mai kula da sito ya je ya faɗi cewa ƙidayar da ya bayar a baya ba daidai ba ce. Direba ya faɗi cewa shi ya goga motar kamfani da katanga, ba wani ne ya buge ta a hanya ba. Maigida zai yi faɗa, faɗa sosai, amma kowa ya gane cewa faɗan ɓoyewa ya fi na kuskure zafi nesa ba kusa ba. Wannan mutumin ya san halin da kamfaninsa ke ciki fiye da duk wani shugaba da na yi aiki da shi daga baya, kuma ba don ya fi su wayo ba ne. Mutanensa ne ba sa yi masa ƙarya.

Tun daga nan nake kallon zancen "ɗabi'un shugaba" da wani ido daban. Yawancin masu magana a kai suna ɗaukar abin kamar ado ne: kamfani ya yi riba tukuna, in ya so sai a ƙawata shi da gaskiya da amana. Ni abin da na gani shi ne halin shugaba ne ke tantance irin labarin da ke isa kunnensa. Wanda labarin gaskiya ba ya isa gare shi kuwa, ko digiri nawa gare shi, lalube yake yi cikin duhu.

Misalin da ya fi kwanta mini a rai shi ne na Paul O'Neill, wanda ya karɓi shugabancin Alcoa, babban kamfanin alminiyam na Amurka, a 1987. A haɗuwarsa ta farko da masu zuba jari, ana jira ya yi zancen riba, sai ya kama zancen lafiyar ma'aikata, ya ce burinsa a wayi gari babu wanda ke jin rauni a bakin aiki. Wasu sun fita daga ɗakin suna ganin an ɗora musu wanda bai san kasuwanci ba. Dokar da ya kafa mai sauƙin faɗi ce: duk ma'aikacin da ya ji rauni, ko a wace masana'anta tasu ce a duniya, dole labarin ya iso gare shi cikin awa 24, tare da bayanin yadda za a hana sake aukuwarsa. Ka yi tunanin abin da wannan ke bukata. Kafin shugaban reshe ya iya sanar da shi cikin kwana ɗaya, sai manajan masana'anta ya ji da wuri, kafin manaja ya ji sai mai kula da layi ya faɗa, kafin shi ma ya faɗa sai lebura ya daina tsoron buɗe baki. Da hanyar ta buɗe saboda rauni, sai sauran labarai suka biyo ta: injin da ke yawan tsayawa, kayan da ake asara, dabarar da ƙaramin ma'aikaci ya daɗe da ita a ciki. Ya ma taɓa sallamar wani babban jami'i mai kawo wa kamfanin kuɗi saboda ya ɓoye matsalar da ta auku a wata masana'antarsu da ke Meziko. Kafin ya bar kamfanin a 2000, raunuka sun ragu ƙwarai, riba kuma ta ninka sau da yawa.

Abin lura a nan, da O'Neill ya ɗauki lafiyar ma'aikata a matsayin dabarar neman riba kawai, da ranar farko da ta ci karo da riba ya ajiye ta. Ma'aikata suna da hancin gane wannan. Sun san bambancin shugaban da ya damu da wanda ke kwaikwayon damuwa, kuma ba a jawabin taro suke ganewa ba, sai ranar da abin ya ci kuɗi.

Rubutu a bango kuwa ba shi da tsada. Enron, kamfanin makamashi na Houston da ya durƙushe a Disambar 2001 saboda maguɗin lissafi, yana da littafin ƙa'idojin ɗa'a mai shafi 64, kuma riƙon gaskiya na cikin kalmomi huɗun da yake tinƙaho da su. Shi ma Johnson & Johnson, kamfanin magunguna na Amurka, yana da nasa rubutun tun 1943, wanda ya sa marasa lafiya da likitoci a gaba, masu hannun jari a ƙarshe. Bambancin, James Burke da ya shugabanci kamfanin ya tara manyan manajojinsa tun a shekarun 1970 ya ce su yi muhawara a kai, ko dai a yi aiki da shi ko a sauke shi daga bango. Da mutum bakwai suka mutu a yankin Shikago a 1982 bayan wani ya zuba guba a cikin maganinsu na Tylenol, kamfanin ya janye kwalabe wajen miliyan 31 daga kasuwa, asarar da ta kai kimanin dala miliyan 100, alhali ba a masana'antarsu aka sa gubar ba. Ba a fafe gora ranar tafiya. Sun riga sun gama gardamar shekaru kafin ranar ta zo.

To, duk wannan na san shi, na kuma sha faɗa wa wasu. Sai da aka ba ni tawa ragamar na gane cewa sani daban, hali daban.

An ɗora ni a kan sashen tallace-tallace na wani kamfani, mutum goma sha ɗaya a ƙarƙashina. Akwai wani saurayi a cikinsu, mai zafin nama, wanda shi kaɗai yake kawo kusan kashi ɗaya cikin uku na cinikinmu. Wata rana ina wucewa ta bayan kujerarsa na ji yana gaya wa wani a waya cewa kayansa za su iso cikin sati biyu. Ni da shi duk mun san sati shida ne, don tare muka ga takardar da safe. Na rage tafiya. Ya ɗago muka haɗa ido. Sai na wuce.

Na gaya wa kaina cewa zan yi masa magana daga baya. Daga bayan ba ta zo ba. Ƙarshen wata uku ya zo, shi ya fi kowa ciniki, na miƙa masa kyautar gwarzon ma'aikaci a gaban kowa, har da tafi. A wannan taron ma, don rashin kunya, na yi ɗan jawabi a kan faɗa wa abokin ciniki gaskiya.

Babu wanda ya ji jawabin. Kyautar suka gani. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe: cikin wata biyar sashen gaba ɗaya ya koma alƙawarin da ba za a cika ba, masu sito suna shan zagi a waya a kan laifin da ba nasu ba, ni kuma rahoton da ke zuwa teburina ya zama zuƙi ta malle. Kowa yana rubuta abin da yake ganin ina son karantawa. Wata baiwar Allah, wadda ta fi kowa tsare gaskiya a sashen, kuma saboda haka kullum tana ƙasan jadawali, ta kawo takardar ajiye aiki. Na tambaye ta dalili. Ta ce, "Yallabai, ni ban iya irin cinikin da ake so a nan ba." Ba ta ƙara ko kalma ba, ban kuma bukaci ƙari ba.

Lokacin da badaƙalar bankin Wells Fargo ta fito a 2016, na karanta ta kamar ina duba madubi, duk da tawa ba ta kai cikin cokali ba a kan tasu. An matsa wa ma'aikata lamba su sa kowane gida ya riƙe hajar banki har guda takwas, aka ɗaure alawus da tsaron aiki a kan wannan adadi. Sai ma'aikata suka riƙa buɗe wa mutane asusu ba da saninsu ba, da farko aka ce wajen miliyan biyu, daga baya adadin ya kai miliyan uku da rabi. An ci bankin tarar dala miliyan 185, an kori ma'aikata kusan 5,300, shugabansa John Stumpf ya sauka a watan Oktoba na shekarar. Mutum dubu biyar ba sa tashi rana ɗaya su zama maƙaryata. Sun duba sun ga abin da ake sakawa da alheri da abin da ake hukuntawa, suka bi. Babu shugaban da ya rubuta musu "ku yi ha'inci". Ni ma ban rubuta ba.

Kada a ce na yi wa halin kirki talla fiye da kima, akwai Aaron Feuerstein. Masaƙarsa ta Malden Mills da ke jihar Massachusetts ta ƙone a Disambar 1995. Yana da shekara 70, yana iya karɓar kuɗin inshora ya huta, ko ya kwashe aikin zuwa inda ƙwadago ke da araha kamar yadda takwarorinsa suka yi. Sai ya ci gaba da biyan ma'aikatansa wajen 3,000 albashi na tsawon watanni alhali babu aikin yi, ya sake gina masaƙar a wurin da take. Duniya ta yaba masa. Bashin da ya ci wajen ginin ya yi nauyi, kasuwa ta juya, a 2001 kamfanin ya bayyana cewa ya kasa biyan bashi, daga baya kuma ya kuɓuce daga hannunsa. Har yau masana kasuwanci na gardama a kan ko ya yi daidai. Ni dai a ganina biyan albashin daidai ne, girman ginin da ya sake yi ne ya wuce ƙarfin aljihunsa, kuma waɗannan shawarwari ne guda biyu daban. Tausayi ba ya ɗauke wa shugaba nauyin iya lissafi. Amma duk mai cewa gaskiya kullum tana kawo riba, bai taɓa biyan kuɗinta ba.

Nawa kuɗin, da lokacin biya ya zo, ga yadda ya kasance. Na kira saurayin nan ofis, na rufe ƙofa, na fara da laifina: na ji ka ranar nan, na wuce, kuma na ba ka kyauta a kai. Na ce daga yau duk ranar isar kaya da za a faɗa wa abokin ciniki sai ta fito daga takardar sito, kuma alawus zai dogara ne a kan kayan da suka isa a kan lokaci, ba a kan odar da aka rubuta ba. Ya saurara har na gama. Ya ce, "Oga, da haka kake so, ai da tun ranar ka faɗa." Ban sami amsar ba shi ba, don gaskiya ya faɗa.

Bayan wata biyu ya koma wani kamfani, manyan abokan ciniki uku suka bi shi. Cinikin sashen ya faɗi, na sha tambayoyi a gaban shugabannina har sau biyu, a karo na biyun ma na fita ina tunanin ko in fara neman wani aikin. Sai da aka kusan shekara kafin lambobin su dawo inda suke. Rahotannin da ke zuwa teburina sun yi muni a ido, amma na koma ina iya gaskata su.

Ita kuwa baiwar Allahn nan na neme ta a waya, na ba ta haƙuri, na ce kujerarta na nan in tana so. Ta yi godiya cikin ladabi, ta ce ta riga ta sami wani wurin, kuma tana jin daɗinsa.