Godiyar iyali bayan rasuwar yayanmu

Assalamu alaikum. A madadin Hajiyarmu da matar marigayi da 'ya'yansa, ina miƙa godiya ga duk wanda ya halarci jana'izar yayanmu, da waɗanda suka zo zaman makoki, da waɗanda suka bugo waya daga nesa. Maƙwabtan da suka yi ta ɗora tukunya har aka yi sadakar uku ba tare da wani ya roƙe su ba, Allah ya biya ku, ya bar zumunci.

Godiya ta musamman ga abokan sana'arsa masu walda. A kan kekunansu na guragu suka zo tun daga shago cikin rana tsaka, da suka iso ƙofar maƙabarta yashi ya riƙe tayoyin. Samarin unguwa ne suka riƙa ciccibarsu ɗaya bayan ɗaya har bakin kabari, don kada a rufe ɗan'uwansu ba su zuba ƙasa ba. Yaran nan, Allah ya yi muku albarka.

Shan inna ta kama Yaya tun bai iya magana sosai ba. Na taso na tarar yana rarrafe da silifa a hannu, gwiwoyinsa duk kanta. Mutane da dama sun ba Hajiya shawarar ta bar shi ya riƙa fita bara, ta ce ba da ɗanta ba. Ta yi ta goya shi zuwa gashi a Asibitin Ƙashi na Dala, aka yi masa takalmin ƙarfe. Daga baya wata ƙungiyar masu shan inna ta ba shi keke, ta koya masa walda, har shi ma ya zama mai ƙera wa wasu kekuna. Da wannan sana'a ya yi aure, ya sa 'ya'yansa makaranta, ya riƙa yi wa Hajiya cefane.

Duk wannan da kuɗi aka yi shi. Wani ne ya biya kuɗin ƙarfe da taya, wani ya biya mai koyarwa, kuma yawancinsu ba mu taɓa ganin fuskarsu ba. Su ma muna gode musu.

A watan Agustan 2020 aka tabbatar da cewa asalin ƙwayar cutar shan inna ta ƙare a Najeriya, Yaya ya yi murna ƙwarai. Amma waɗanda ta riga ta taɓa suna nan, magidanta ne da iyaye mata, keke yana lalacewa, ƙarfe kullum ƙara tsada yake. A Janairun 2019 Shugaba Buhari ya sa hannu a dokar hana nuna wa masu buƙata ta musamman wariya. Ta ba gine-ginen jama'a shekara 5 su gyara hanyar shiga, ta ware musu kashi 5 cikin 100 na guraben aikin gwamnati, kuma a 2020 aka kafa hukumarsu ta ƙasa. Doka ba ta aiki in ba a sa mata kuɗi a kasafi ba, kuma a sake su. Ina roƙon 'yan majalisarmu da masu fitar da zakka da kwamitocin masallatai su tuna da wannan, ko da gangaren siminti ne a gefen matakala.

Allah ya jiƙan Yaya, ya sa ya huta, ya kyautata namu zuwan. Wanda ke bin sa bashi, ko yake da aikin da ya bayar ba a gama ba, don Allah ya same ni a gida bayan sallar la'asar.