Tashar Gwagwada

Yau a Gwagwada, can cikin Chikun a jihar Kaduna, na tsaya inda dogo ya rabu biyu gaban tsohuwar tasha. Layin nan da ya taso daga Baro, a bakin kogin Neja, ya isa Kano a 1911 guda ɗaya ne, faɗinsa ƙafa 3 da inci 6, dole jirgi ya raɓe ya jira ɗan'uwansa ya wuce. To jiran nan shi ne kasuwar ƙauye: masu rake, masu doya, leburorin gyaran layi da iyalansu.

Sabon layin Abuja na 2016 faɗinsa milimita 1,435, ya fi tsohon faɗi, don haka jirginsa ba ya hawa wannan. Ga ciyawa ta cinye ƙarfen. Har yanzu ina lissafin gida nawa tsayuwar jirgi ta ciyar a nan.