Windows 11 a cikin waya mai fuska biyu

Jiya da daddare a ɗakina nan Jekadafari na zauna da wayar Surface Duo mai fuska biyu da na saya ta hannu, wadda Microsoft ta fitar a 2020, ita Android take zuwa da ita amma ni Windows 11 nake so. Sai da na buɗe makullin bootloader, wato manhajar da ke tayar da wayar idan an kunna ta, na raba ma'ajiyar wayar gida biyu don in sa Windows a ɗaya, gabana na ta faɗuwa kar wayar ta mutu gaba ɗaya. Wallahi da tambarin Windows ya haska sai da na miƙe tsaye! Fuskar hagu Word, ta dama Excel, na ninke ta kamar littafi na sa a aljihun kaftani. Ƙanena ya ce yaya, wannan ai kwamfuta ce. Rubutun dai ƙanana ne sosai, sai na jona maus.