Tarihin Rayuwata, Kashi na 14: Makon da Muka Shirya wa Masu Baza Fili

A makon jiya na tsaya ne a inda ruwan guguwar Harvey ya janye daga Hustan, a ƙarshen Agustan 2017, muka koma makaranta da ɗalibai da yawa suna kwana a gidajen dangi. Jadawalin wasanni ya hargitse, amma ba a soke kakar ba. A jihar Teksas ba a wasa da ƙwallon Amurka, wadda ake gudu da ita a hannu ana jifa, da makarantu ke bugawa daren Juma'a.

Sababbin masu karatu su sani, ni malamin lissafi ne, ba ɗan ƙwallo ba. Dokar wasannin makarantun gwamnati a Teksas ta ce koci sai ya kasance cikakken ma'aikacin makaranta, shi ya sa za ka ga malamin tarihi yana horar da masu tare gaba. Ni aka ɗora mini aikin bidiyo: in zauna da manhajar Hudl in rarrabe wasannin abokan karawa, in rubuta yadda suka jeru, da abin da suka yi, da yadi nawa ya rage musu su ci gaba kafin a sabunta musu damar riƙe ƙwallo.

A watan Oktoba aka haɗa mu da wata makaranta mai buga salon baza fili. Mai jifa, wato jagoran masu kai hari, ba ya manne wa mai miƙo masa ƙwallo a farkon kowane wasa, yana tsayawa kamar yadi 5 a baya, a wurgo masa ta tsakanin ƙafafu. Tsayuwar da ake kira shotgan ke nan, wadda koci Red Hickey ya fito da ita a ƙungiyar 49ers ta San Francisco a 1960, koci Tom Landry ya farfaɗo da ita a ƙungiyar Dallas a 1975. Abin da ya sa ta zama bala'i a zamaninmu shi ne haɗa ta da masu cafe huɗu a warwatse, biyu dama biyu hagu, har bakin layi. Faɗin fili yadi 53 ne da sulusi, kuma so suke ka tsare kowane taku nasa.

Daren Lahadi na kai wa kocin tsaro takardata. Dattijo ne, ya fi shekara talatin a harkar. Bai duba alƙalumana ba, ya miƙo mini alli ya ce, "Koci, kai ne mai lissafi. Ƙirga mini."

Na ƙirga. Mu 11, su 11. Masu cafe huɗu sun janye mana mutum huɗu zuwa gefe. Idan muka ajiye biyu can baya don gudun doguwar jifa, saura biyar a tsakiya, su kuwa suna da masu tarewa biyar cif, sai mai gudu ya wuce abinsa. Idan muka sauko da ɗaya muka zama shida, nan ma ba mu tsira ba, domin akwai dabarar da koci Rich Rodriguez ya yi suna da ita a jami'ar West Virginia. Da gangan za su bar ɗan wasanmu na ƙarshen layi ba mai taɓa shi. Mai jifa ya ɗora ƙwallo a kan cikin mai gudu, idonsa a kan yaron namu. In yaron ya bi mai gudu, ya zare ƙwallo ya fita da kansa ta gefe. In ya tsaya jiransa, ya sakar wa mai gudu. Gaba kura, baya sayaki. An cire mutum guda daga wasa ba tare da an sa masa hannu ba.

Dattijon ya ce, "To ka gani. Ba ƙarfi suka fi mu ba. Tambaya suke yi mana, kuma sun san amsar kafin mu buɗe baki. Dole mu koyi yi musu ƙarya."

Wannan maganar ce ta zama aikinmu na mako. Mun ɗauki tsarin 4-2-5 da koci Gary Patterson ya gina tsaron jami'ar TCU ta Teksas a kansa: huɗu a layi, biyu a bayansu, biyar masu sauri a baya. Aka zaunar da wani ƙaton yaro da ya saba farawa, aka sa siriri mai gudu a madadinsa. Na tausaya masa ƙwarai, amma jiki irin nasa ba ya iya bin mai cafe a fili buɗe. Sai musayar aiki: ɗan ƙarshen layi ya faɗa kan mai gudu ba waiwaye, na bayansa ya zagayo ya tari mai jifa, wanda ya zare ƙwallo yana zaton hanya ta buɗe. Ita ma musayar tana da rami, don gurbin da na bayan ya bari nan ake cusa gajeriyar jifa. Saboda haka muka koya wa ɗaya daga masu tsaron baya ya tsaya nesa kamar ba ruwansa, sai an wurgo ƙwallo ya sauko ya toshe gurbin. Idan ya motsa da daƙiƙa ɗaya kafin lokaci, asiri ya tonu.

A farkon Oktoban ne jami'ar Iowa State ta je har gida ta doke jami'ar Oklahoma 38 da 31, a kakar da kocin tsaron Iowa State, Jon Heacock, ya koma tsarin mutum uku a layi da masu tsaron baya uku a tsakiya. Matasa daga cikin masu horarwarmu suka matsa a kwaikwaya. Dattijon ya ƙi, kuma ina ganin ya yi daidai. Yara 'yan shekara 16 ba sa haddace sabon tsari cikin mako guda, balle a gaban ƙungiyar da ba ta taruwa shawara tsakanin wasa da wasa. Suna tashi su sake jeruwa, ba ka da damar canza ɗan wasa sai in su sun canza. Muka rage kiraye-kirayenmu zuwa kalma ɗaya-ɗaya, muka ba da sauran lokacin ga kayar da mutum a sarari, gaba da gaba, ba mai taimako. A wannan salon, kuskure kamu ɗaya na mayar da jifar yadi 3 ta zama 40.

Ranar Juma'a na samu izini na je masallaci, na dawo na hau ɗakin saman filin da na'urar magana a kunne. Aikina ɗaya: in kalli mai jifa in faɗi abin da yake karantawa. A zubi na biyu cikin zubi huɗu na wasan, na lura ba ya duban ɗan ƙarshen layinmu kuma, ya koma kallon na bayansa. Sun gano musayar. Na faɗa wa dattijon, ya ce a bar ta har sai bayan hutun rabin lokaci, sannan a riƙa yin ta jefi-jefi. A zubi na uku mai jifansu ya zare ƙwallo ya faɗa hannun wanda bai zata ba, ta suɓuce, siririn yaron nan ya ɗauke.

Mun yi nasara da tazarar maki 4. Da na shiga gida bayan sha biyun dare, uwargida ta ce, "Malam, Yaya ya kira daga Zariya tun ɗazu. Ya ce ko ƙarfe nawa ka dawo, ka neme shi, maganar Baba ce."

Abin da Yaya ya faɗa mini, da yadda na bar ƙungiya ana tsakiyar kaka, sai mako mai zuwa in Allah Ya kai mu.