Ciyar da Maciji a Kejinsa ko a Roba: Abin da Aiki Ya Nuna Mini

Masu kiwon macizai a gida a Ingila da Amurka suna da wata gardama da ta ƙi ci ta ƙi cinyewa. Wasu na cewa idan ranar ciyarwa ta zo, a ciro macijin daga kejinsa, a saka shi cikin wata roba ta daban, a ba shi ɓeransa a can, in ya haɗiye a mayar da shi. Wasu kuma na cewa a bar shi inda yake kwana, a miƙa masa abincinsa a nan. Na tarar da wannan gardama lokacin da nake karatun kula da lafiyar dabbobi a Ingila, ina kuma taɓa aiki a wani shago da ke sayar da macizai da ƙadangaru da kunkuru. Na ga hanyoyin biyu da idona, na yi su da hannuna, kuma inda na tsaya shi ne mafi yawan macizai a kejinsu ya kamata su ci.

Na san mai karatu a Kano ko Maraɗi zai ce wa ya aike su kiwon maciji tun farko. A wurinmu maciji abokin gaba ne, kuma da dalili. Wanda ya san irin ɓarnar da kububuwa ke yi wa manoma da makiyaya a yankin Kaltungo ba zai ga abin sha'awa a jikin maciji ba. Sai dai ɗaya daga cikin macizan da aka fi kiwo a Ingila da Amurka daga yankinmu ya fito. Wata ƙaramar mesa ce marar dafi, wadda ba ta cika wuce mita ɗaya da rabi ba, in ta tsorata sai ta dunƙule ta ɓoye kanta a tsakiyar jikinta. Tana rayuwa a Afirka ta Yamma da ta Tsakiya, har da Nijeriya, kuma Gana da Togo da Benin ne suka yi fice wajen fitar da ita ƙasashen waje ƙarƙashin yarjejeniyar CITES mai kula da cinikin namun daji tsakanin ƙasashe. In ta sami kulawa tana iya shekara 20 zuwa 30 a keji. Ke nan wanda ya saye ta ya ɗauki amanar da za ta daɗe a wuyansa, kuma yadda yake ciyar da ita ba ƙaramin al'amari ba ne.

Hujjar masu roba tana da daɗin ji, shi ya sa ta yaɗu. Sun ce in kullum a keji kake ba maciji abinci, zai riƙa ɗaukar buɗe ƙofa a matsayin alamar abinci, wata rana ka sa hannu ya kai maka sara. Suna kuma tsoron kada ya haɗiye shimfiɗar kejin, wato ɓawon kwakwa ko ɓarɓashin katako, ta toshe masa hanji.

Matar da ke da shagon, wadda ta daɗe a sana'ar tun kafin a haife ni, ita ce ta fara sa ni lissafa hujja ta farko da kyau. Babbar mesa irin wannan takan ci sau ɗaya a kwana 10 zuwa 14, ƙarama kuma kusan duk mako. Amma ƙofar kejin kusan kullum ake buɗe ta: a canza ruwa, a kwashe kashi, a duba zafi, a fesa ruwa lokacin saɓa. In maciji zai koyi wani abu daga buɗe ƙofa, abin da zai fi koya shi ne mafi yawan lokuta babu komai. Abin da ke tayar masa da haƙon abinci shi ne wari da ɗumi. Harshen nan da yake zarowa yana mayarwa ɗebo wari yake yi daga iska yana kai wa wata gaɓa a ganɗarsa. Mesa kuma tana da 'yan ramuka a leɓenta da take jin ɗumin jikin dabba da su ko cikin duhu. Hannun da ya taɓa ɓera bai ga sabulu ba, ga wari ga ɗumi, to ɓera ne a wurinta, ko a keji ko a roba. Kusan duk saran da na ji labarinsa a wurin masu saye, in ka bi diddigi, nan yake komawa.

Sannan ita kanta robar tana jawo abin da ake gudu. An ciro mataccen ɓera daga firiza ƙanƙararsa ta narke, wari ya cika ɗakin, macijin ya riga ya leƙo daga maɓoyarsa yana jira, sai kuma a ce a wannan lokacin ne za ka sa hannu ka ɗauko shi. Bayan ya ci kuma bai huce ba, yana sa ran na biyu, sai ka sake sa hannu ka mayar da shi. Sau biyu ke nan ka taɓa shi a lokacin da ya fi kusa da kai sara.

Amma ba tsoron sara ne ya fi damuna ba, don saran ƙaramar mesa bai wuce 'yan ɗigon jini ba, a wanke a sa magani. Abin da ya fi damuna shi ne abin da ɗaukar ke yi wa dabbar. A daji wannan mesa a ramukan ɓeraye da cikin suri take wuni, sai dare ta fito, kuma yawanci kwanton ɓauna take yi. Natsuwarta tana tare da wurin da ta sani, mai duhu, mai ƙunci, mai warin jikinta. Ka ciro ta ka aje a roba mai santsi, fili fetal, fitila a kanta, mutum tsaye yana kallo, sai ta dunƙule ta ƙi ko kallon ɓeran. Dama irinta ta yi suna wajen yajin cin abinci, tana iya watanni ba ta ci ba, musamman a lokacin sanyi. Me zai sa a ƙara mata dalili?

Ga yadda ciyarwa take in an yi ta a keji. Da yamma nake ciro ɓeran daga firiza, ya narke sarai har cikinsa, sannan in sa shi a leda in tsoma a ruwan ɗumi har jikinsa ya yi ɗumi kamar mai rai. In rage haske. In kama shi da dogon hantsaki, in kawo shi bakin maɓoyar ina ɗan motsa shi. Da farko harshe kawai za ka gani yana fita yana komawa, sannan kai ya biyo a hankali, wuya ya lanƙwashe ya ja baya. Kafin ka ƙifta ido ta cafke ta nannaɗe shi, ta matse ko da yake matacce ne. Can sai ta sassauta, ta bi jikinsa da hanci tana neman kai, don ta kai take fara haɗiya saboda ƙafafu su kwanta. Haɓarta ta dama ta matsa gaba, ta hagu ta biyo, a haka har wutsiya ta ɓace. Daga nan ta yi wata doguwar hamma ta daidaita muƙamuƙinta, ta sulale da kanta zuwa ɓangaren kejin mai ɗumi, inda zafi ke kusan digiri 31 zuwa 32, ta kwanta. Ba wanda ya taɓa ta.

Wannan kwanciyar ita ce aikin. A makaranta mun karanta binciken da aka yi a Amurka kan mesar ƙasar Bama, wato Myanmar, wanda ya nuna cewa tsakanin ci da ci hanjinta kusan a kwance yake ba ya aiki. Da ta haɗiyi abu sai ciki ya cika da ruwan narkarwa mai tsananin tsami, hanji ya ƙara girma, numfashin jiki ya ninka sau da yawa, har ƙashi ya narke. Jikin ya zuba ƙarfinsa duka a wuri ɗaya. Maciji mai cikakken ciki ba ya iya gudu, don haka in ya ji barazana abin da yake yi shi ne ya amayar da abincin ya sami sauƙin tsira. Shi ya sa ƙa'idar da kowa ya yarda da ita, har masu roba, ita ce kada a ɗauki maciji sai bayan awa 48 da cin abinci. To ta yaya za a mayar da shi keji daga roba ba tare da an karya wannan ƙa'ida tun a mintin farko ba?

Wani saurayi ya taɓa kawo mana macijinsa, irin ja mai ruwan goro ɗin nan na kudu maso gabashin Amurka da ake kira macijin masara. Yana ƙaunarsa ƙwarai, duk abin da ya karanta ya bi. Ya ce macijin ya yi amai sau biyu a jere. Da muka buɗe jakar, dabbar ta rame, fatar gefenta ta yi laushi ta tattare, ƙashin baya ya fito. Amai a wurin maciji ba kamar na kare ba ne. Ruwan cikin yana ƙona maƙogwaro, jiki ya rasa ruwa, kuma in aka yi gaggawar sake ba shi abinci sai ya sake amayarwa, abin ya zama jiki. Mai shagon ta ce ya bar shi ya huta mako biyu ba abinci ba ɗauka, sannan ya fara da ɓera ƙarami fiye da wanda ya saba, a cikin keji, ya rufe ya fita daga ɗakin, in kuma ya sake amai ya kai shi wurin likitan dabbobi don a duba ko tsutsar ciki ce. Macijin ya riƙe abincin, ya murmure.

Batun haɗiye shimfiɗa gaskiya ne, amma maganinsa mai sauƙi ne. A tsane ɓeran da tsumma kada ya zo a jiƙe, don jiƙaƙƙe ne ke kwasar ɓarɓashi. A aje faranti ko kwali a inda za a ba shi. Lafiyayyen maciji mai isasshen ɗumi da ruwa ɗan ɓarɓashi ba ya hana shi komai, a daji ma ba a kan tabarma yake ci ba. Shi kuma mai tsoron sara, akwai dabarar da ta fi roba: duk ranar da ba ta abinci ba, kafin ka sa hannu, ka ɗan shafi jikinsa da sandar ƙugiya. A hankali yakan gane cewa taɓin sanda na nufin babu ɓera yau, sai ka ga ya sauke wuya.

Akwai inda robar ke da amfani, kuma ina amfani da ita. Jaririn maciji da ya ƙi fara ci, wani lokaci in ka sa shi a ɗan ƙaramin kofi mai murfi da huji tare da jaririn ɓera, ka mayar da kofin cikin kejin ya kwana a ɗumi, da safe sai ka tarar ya ci. Haka in mutum ya haɗa macizai biyu a keji ɗaya, abin da ba na goyon baya, dole a raba su lokacin ci, don in suka kama ɓera ɗaya ta kai da ta wutsiya, babban na iya zarcewa ya haɗiye ƙaramin.

Inda ba a ma kawo zancen roba shi ne manyan mesa masu mita uku zuwa sama da kuma masu dafi, waɗanda a Ingila dokar 1976 ta dabbobi masu haɗari ta wajabta lasisi kafin a ajiye irinsu gamsheƙa da kasa a gida. Babu ma'aikacin da ya san aikinsa da zai ɗauki irin waɗannan yana yawo da su ana tsaka da warin abinci. A kejinsu ake ba su, da dogon hantsaki, kuma in mesa ce babba, da mutum na biyu tsaye a kusa.