Tarihin Rayuwata, Kashi na 4: Shekarar Diban Gwamna

A makon jiya mun tsaya inda ɗan doka ya iso ƙauyenmu da saƙo. Saƙon shi ne ana neman maza majiya ƙarfi su tafi haƙar kuza a Jos, kuma sunan babana na ciki.

A 1942 ke nan, yaƙin Hitila ya yi zafi. Japan ta ƙwace Malaya, ƙasar da ta fi kowace haƙar kuza a lokacin, ga masana'antun makamai ba sa aiki sai da ita. Sai Turawa suka juyo kan Bukuru da Barikin Ladi, suka kafa dokar aikin tilas. Mutanenmu suka sa mata suna diban gwamna. An rubuta ka, to tafiya ta kama ka, ko da geronka ya isa yanka.

Abin da ya fi ci wa Baba rai ba nauyin kwanon ƙasa ba ne, manomi ai ya saba wahala. Rashin bakin magana ne. Lebura na son rai in heluma, wato shugaban leburori, ya zage shi, sai ya naɗe tabarmarsa ya koma wani bariki. Ɗan diba kuwa in ya motsa sunansa gudajje, a kamo shi a hukunta. Kuɗin sati ba ya kai ka ƙarshen sati saboda tsadar hatsi. Ga sanyin dutse, mutum ya taso daga ƙasar zafi da riga ɗaya, ya kwana a bukkar da ke yoyo. Ciwon haƙarƙari da atuni suka kwashe mutane da yawa.

Da na girma na karanta cewa a can Ingila ma an haramta yajin aiki tun 1940, a 1941 kuma aka hana ma'aikacin masana'antar yaƙi barin aiki sai da izini. Amma su suna da ƙungiya, suna da inda za su kai ƙara. Iyayenmu fa, wa za su kai wa kuka? Har yau abin yana sosa mini rai.

A 1944 aka soke dokar. Baba ya riga ya dawo da tari, gona ta zama saura, ya ce da Inna, "Ki sayar da akuyar nan, bana sai mun ci bashin hatsi."

Mako mai zuwa za mu ji yadda wannan bashi ya raba ni da gida.