Na Canja Haƙoran Aksul, Sikeli Ya Nuna Mini Sauran Aiki

Ranar da a-kori-kurata ta fara neman giya, wato canja giya da kanta ba ƙaƙƙautawa, a tsakiyar hawa, na ɗauka giyabos ne zai mutu. Ina janye da tirela, ƙaramar tarakta a kanta da garmarta, duka-duka wajen tan 3. Hawan ma ba wani mai tsauri ba ne. Sai motar ta sauko daga giya ta shida zuwa ta huɗu, ta ɗan ja, ta koma ta biyar, ƙarfi ya gaza, ta sake saukowa. Haka ta yi ta kai-komo, allurar zafin man giya tana hawa sannu a hankali, har na gangara gefen titi na tsaya ta huce.

Gaskiyar magana, ba haka na sayi motar ba. Mai ƙofa huɗu ce, injin fetur silinda takwas, giya shida otomatik, tana ja da ƙafa huɗu, kuma a shekararta ta farko wurina ta sha jan wannan tirelar ba ko tari. Ni ne na shiga yi mata kwalliya. Na fara da cire tayoyinta masu tsayin inci 31 na sa masu inci 35, don kawai ta yi kwarjini. Daga baya na sa aka sauke bodin da ta zo da shi, aka ɗora mata shimfiɗaɗɗen bodi na ƙarfe marar bango, irin wanda ake loda wa kaya ta kowane gefe. Ko sau ɗaya ban zauna na yi lissafin abin da waɗannan biyun za su jawo ba.

Makaniken da na kai wa dattijo ne, ba ya gaggawar kwance abu. Ya zagaya motar, ya daɗe yana kallon tayoyin, sannan ya ce, “Malam, giyabos ɗinka lafiya lau. Kai ne ka sa mata takalmin da ya fi ƙafarta.” Ya sa yaransa suka ɗaga bayan motar, ya ja layi da alli a jikin taya, ya ja wani a jikin farfela, doguwar sandar ƙarfen da ke kai juyin inji zuwa aksul. Aka juya tayoyin baya biyu tare sau ɗaya, muka ƙirga, farfela ta juya sau uku da rabi da ɗan ɗoriya. Ya ce wannan shi ne 3.55 da ke rubuce a jikin aksul, ƙarfen da ke haɗa tayoyi biyu yana juya su.

A nan na fahimci abin da na daɗe ina ji ana faɗa. A cikin tulun aksul akwai haƙora biyu masu cin juna: ƙarami a bakin farfela, da babba mai kama da faifai wanda ke juya tayoyi. In ka raba yawan haƙoran babban da na ƙaramin, ka sami lambar. Haƙori 39 a kan 11 shi ke ba da 3.55, haƙori 41 a kan 11 ya ba da 3.73, a kan 10 ya ba da 4.10, a kan 9 kuma 4.56. Duk sa’ad da lambar ta ƙaru, inji zai ƙara juyi kafin taya ta zagaya sau ɗaya, ƙarfin murɗawa da ke isa ƙasa ya ƙaru, mota ta ji sauƙin tashi da kaya. Abin da za ka biya shi ne ƙarin kukan inji da shan mai a miƙaƙƙiyar hanya. Shi ya sa za ka ga mota iri ɗaya, inji ɗaya, amma kamfani ya rubuta wa mai 3.73 nauyin ja fiye da mai 3.31.

To ina taya ta shigo? Taya ita ce giya ta ƙarshe. Mai inci 35 tana cin ƙasa fiye da mai inci 31 a kowane zagaye, saboda haka aksul ɗina mai 3.55 ya koma yana aiki kamar 3.14. Lissafin ba wuya: 3.55 sau 31, a raba da 35. A da, in ina gudun kilomita 100 a giya ta shida, injina yana juyi wajen 1,650 a minti. Da manyan tayoyi ya faɗo wajen 1,460, inda injin fetur ba shi da wani kataɓus in akwai kaya a baya. Dalilin neman giyar ke nan, kuma wannan canje-canjen ne ke dafa man giyabos. Ga kuma maleji da ya koma yi mini ƙarya: yana nuna 100, ni kuwa ina kan 113. Wata da watanni ina jan tan 3 da gudun da ban san ina yi ba.

Na ce, “To Baba, a mai da ƙananan tayoyin mana.” Ya ce wannan ita ce hanya mafi araha, kuma da shi ne haka zai yi. Amma na riga na sayar da tsofaffin, ga kuma son zuciya. Muka tsaya a kan canja haƙora. Da 4.10 zan koma kusan inda na fito, domin da tayoyin yanzu daidai yake da 3.63. Tunda aikina ja ne, na zaɓi 4.56, wanda zai sa injin ya zauna wajen 1,880 a gudun 100.

Abin da ban sa a kasafi ba shi ne aikin sau biyu ne. Mota mai ja da ƙafa huɗu dole aksul na gaba da na baya su zama lamba ɗaya, in ba haka ba ranar da ka sa fowil, wato ja da ƙafa huɗun, a busasshen titi za su yi ta jayayya da juna har wani abu ya karye. Kuma sa haƙoran ba ɗaure noti ba ne kawai. Na zauna ina kallonsa kwana biyu. Yana shafa wa haƙoran wani ruwan fenti mai launin rawaya, ya juya, ya duba inda fentin ya goge don ya ga yadda suke haɗuwa, ya kwance, ya ƙara ko ya rage siririn faifan ƙarfe na cike tazara, ya sake ɗaurewa. Sau biyar ya yi haka a aksul na baya kaɗai. Tazarar da yake nema tsakanin haƙori da haƙori ba ta wuce kaurin takarda biyu zuwa uku ba, da agogon awo yake gane ta. In ta yi yawa aksul ya riƙa ƙwanƙwasa, in ta yi kaɗan ya yi zafi ya riƙa kuka kamar jiniya. Duk makaniken da ya ce maka zai gama wannan aiki cikin awa biyu da ido kawai, ka ɗauki motarka ka yi gaba.

Ya kafa mini sharaɗi: kilomita 800 na farko ba jan komai, ba dogon gudu a miƙe, in na yi tafiyar minti ashirin in tsaya aksul ya huce, bayan nan a zubar da man a zuba sabo. Na bi, ko da yake na rasa aikin mako biyu. Da aka kwance murfin, man ya fito da ƙyalli-ƙyallin garin ƙarfe, ya ce haka ake so a karon farko. Aka kuma shiga kwamfutar motar aka gyara maleji.

Na koma wancan hawan da tirela. Ta kama giya ta huɗu ta zauna a kai har ƙoli, allurar zafi ba ta ko motsa ba. Na yi ta murna, na ɗauka an gama.

Ashe tsugune ba ta ƙare ba. Ja dai tana ja, amma sitiyari ya yi sakayau a hannuna, fitilun gaba suna haska sama, masu tahowa suna ta kashe mini ido da tasu. In babbar mota ta wuce ni sai in ji bayan yana rawa. Wata rana na bi ta wurin da ake auna manyan motoci, na biya aka auna ni, kowane aksul daban. Sannan na buɗe ƙofar direba na karanta ’yar takardar da ke manne a jikin ginshiƙi, wadda shekara da shekaru ban taɓa kula ta ba. Tana faɗar iyakar nauyin motar gaba ɗaya, da iyakar abin da kowane aksul zai ɗauka. Tawa kilo 3,200 ce, motar kuma ta fito daga kamfani da 2,450. Wato kilo 750 ne rabona, kuma a ciki har da ni kaina.

Na zauna a inuwa na fara cirewa. Bodin ƙarfe ya fi na asali da kilo 180. Manyan tayoyi da wilinsu sun ƙara 50. Akwatin kayan aiki 70. Ni da yaron da ke taya ni 160. Saura 290. Wuyan tirela kuwa yana danna bayan motar da kilo 360, wanda kuma shi ne daidai, domin tirelar da ake maƙalawa a baya ana so kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari na nauyinta ya sauka a kan mahaɗi, wato ƙarfen da ke haɗa ta da mota, in ya gaza haka sai ta riƙa wutsil-wutsil a titi. Ke nan na zarce iyaka da kilo 70. Kuma da yake mahaɗin yana can bayan aksul da fiye da mita ɗaya, motar ta zama kamar ma’auni: kilo 360 ɗin nan yana zama kusan 480 a kan aksul na baya, ya ɗage kusan 120 daga tayoyin gaba, waɗanda su ke riƙe da sitiyari da mafi yawan birki.

Sabbin haƙoran ba su ƙara ko kilo ɗaya a kan wannan takarda ba. Sifirin bai canja ba, birki da shasi ma haka. Lambar ja da kamfanoni ke tallatawa ita ma ta motar da ba a taɓa ba ce. A Amurka akwai ma’aunin da ƙungiyar injiniyoyi ta SAE ta fitar, J2807, wanda a ciki ake sa mota ta hau tudun Davis Dam a jihar Arizona, wajen kilomita 18, cikin zafin da bai gaza digiri 38 ba, na’urar sanyaya ciki a kunne. Motar da ta ci wannan jarrabawa tana da tayoyinta na asali da bodinta na asali. Tawa ta daɗe da fita daga wannan sahu.

Abin da ya fi ba ni haushi da kaina shi ne ƙwallon ƙarfen da na sa aka dasa a tsakiyar bodin. Burina shi ne wata rana in sayi tirela mai wuyan dinya, wadda wuyanta ke lanƙwasowa ya sauka a cikin bodi, daidai saman aksul ko ɗan gabansa kaɗan. Irin wannan ta fi natsuwa nesa ba kusa ba, tana kuma juyawa a matsattsen wuri. Sai dai tana sauke kashi 15 zuwa 25 cikin ɗari na nauyinta a kan mota. A tan 3, ka ce kilo 600. Ina da 290. Ban da haka, motata mai ƙofa huɗu gajeren baya gare ta, ƙafa biyar da rabi, tazarar da ke tsakanin kan mota da aksul ba ta da yawa, in ka sha kwana mai tsanani gaban tirela zai iya sumbatar gilashin baya. Mai waldar ya yi aikinsa tsaf, abin da na ce shi ya yi. Ba aikinsa ba ne ya tambaye ni ko na auna.

Shi kansa bodin ya zo da ’yan matsalolinsa: bakin tankin mai da aka kwantar da yawa har mai yana tofowa in ana zubawa, sai da aka sake ɗaga shi, da kyamarar baya da aka rasa inda za a maƙala. Amfaninsa dai ba a musu. Ana ɗora kaya ta gefe, ba tudun taya a ciki, ɗaure igiya ba wahala. Da na san abin da na sani yanzu, na alminiyom zan sa a yi, ko da ya fi tsada, don abin da ya rage na nauyi duk rabona ne. Kuma in har zan sake sayen mota don wannan aiki, kujerun baya zan haƙura da su. Ƙofa huɗu tana cinye nauyi da tsawon bodi, ni kuwa sau nawa ma nake ɗaukar mutum huɗu? Mai ƙofa biyu da bodin ƙafa takwas, mai aksul ɗin da ya dace tun daga kamfani, ita ce ta aiki. Sababbin masu giya takwas ko goma, da yake giyarsu ta farko tana kai wa 4.7, ba sa ma bukatar babbar lamba a aksul kamar tsofaffi masu giya huɗu.

Gyaran da na iya yi ba mai yawa ba ne. Akwatin kayan aiki ya koma kan tirela, daidai saman tayoyinta. Na matsar da tarakta baya kaɗan-kaɗan, ina aunawa, har nauyin wuya ya sauko 320, na ja layi da fenti a daben tirela inda tayarta za ta riƙa tsayawa kullum. Na sayi mahaɗi mai sanduna biyu masu tauri, wanda ke mai da wani sashe na nauyin zuwa tayoyin gaba da na tirela, na kuma sa aka daidaita na’urar birkin tirela yadda za ta kama tare da na mota. Da na koma sikeli na tarar ina ƙasa da iyaka da ’yan kiloli, in dai tankin mai da mutum biyu ne kawai a ciki. Ran da mutum na uku zai bi mu, garma ce ke kwana a gida, a dawo a ɗauke ta a sawu na biyu.

Ƙwallon da ke tsakiyar bodi kuwa har yau tirela ba ta taɓa hawa kansa ba. Na shafe shi da giris na rufe murfinsa, ramin da ke gefensa nan nake ajiye igiyoyin ɗaure kaya.